Daga Manzon Sarki zuwa Oba-oba: Waiwaye kan Rediyon Magana da Izininsa a Ƙasar Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas an daɗe saƙo bai fi doki sauri ba. Sarakunan Sosebaki na Dungas da Waca, da zuriyar sarakunan Daura da suka kafu a Magarya bayan jihadi, da shi kansa Sarkin Damagaram da ya zo ya rinjaye su, duk da manzo suke isar da umarni. Talaka kuwa yana da sanƙira mai shela, da ganga mai kiran gayya, da ranar kasuwa, inda labarin farashin hatsi da na saukar ruwa da na fara ke haɗuwa kafin ya watsu ƙauyuka da yamma a bakin masu komawa gida. Manomin da ke gona mai nisa, in yana son a kawo masa iri ko ruwan sha, sai ya tura yaro. Har gobe ana tura yaro, kuma duk na'urar maganar da za a kawo gona da shi take gasa. In ba ta fi shi sauri da sauƙi ba, ba ta da wurin zama.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 wakilan Faransa da Ingila, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka, aka raba Magarya da Daura, aka raba Dungas da Maigatari da Gumel. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka a Nijar, don haka wayar tangaraho ta iso ta da wuri, wayar iska ta biyo baya. Amma kayan kumandan ne. Abin da ke bi ta cikinsu shi ne lissafin haraji, da yawan mutanen da za a kwasa aikin dole, daga baya kuma da tan nawa na gyaɗa ake sa ran fitarwa ta hanyar Kano. Ana maganar manomi a cikin wayar, shi kuwa bai taɓa riƙe ta ba.

A shekarar da aka fara shata iyakar nan, 1906, wasu ƙasashe suka zauna a birnin Berlin suka ƙulla yarjejeniyar farko ta duniya kan wayar iska. Damuwarsu jiragen ruwa ce, domin tashoshi na shiga maganar juna, kiran neman ceto na ɓacewa cikin hayaniya. Daga can aka kafa ƙa'idar da take nan har yau a sashe na 18 na dokokin rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda Nijar ta shiga bayan samun 'yanci a 1960: mutum ko kamfani ba ya kafa tashar da ke watsa murya sai da izinin gwamnatin ƙasar da yake ciki. Wannan shi ne tushen duk wata takarda da jandarma zai tambayi mai oba-oba a hanyar Bande ko ta Dogo-Dogo. Akwatin da ake saurare da shi ba ya damun kowa. Wanda ake dannawa a yi magana kuwa, komai ƙanƙantarsa, a idon doka tashar watsawa ce.

Rediyon da ya fara shiga hannun manomi na saurare ne kawai. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. A 1962, shekarar da aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma, aka kuma kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. A ganina ba a ba wannan shiri darajar da ya kamata ba. Mutanen ƙauye su taru da dare a saurari shiri kan noma ko lafiya, a tattauna, mai jagorantar zaman ya naɗi muryoyinsu a faifai, a aika Yamai, a sa a shiri na gaba. Amsa takan ɗauki makonni, amma ta wannan hanyar ce muryar mai fartanya ta fara hawa iska a ƙasar nan. Gidajen rediyon al'umma da aka fara da na Bankilare a 1999 a kan wannan turba suka hau.

Rediyon da ake magana a amsa nan take kuwa ya ci gaba da zama na hukuma. Sufurefe na da shi, jandarma da duwan na da shi, haka masu sintirin fara a Tamesna da Ayar. Mafi yawa na gajeren zango ne, wanda muryarsa ke tashi sama ta bugi wani rufi na iska can nesa ta dawo ƙasa bayan ɗaruruwan kilomita. Yana son doguwar eriya, da babban batir, da ma'aikacin da ya koyi aikin, kuma akan tsayar masa da lokaci, safe da yamma, kowace tasha ta jira a kira ta. Ta irin wannan hanya rahoton farin 1973 da 1974, da na yunwar 1984 da mutane suka sa wa suna El-Buhari, ya riƙa hawa daga gundumomi zuwa Yamai. Labari na tashi daga ƙauye a baki, ya isa ga hakimi, ya isa ofishin sufurefe, sannan ya hau iska. Tazarar da ta fi cin rai ita ce ta farko, tsakanin ƙauye da ofis, kuma ita ce ba ta da na'ura.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi a fannin lafiya. A gundumar Walam, wajen ƙarshen shekarun 1990, an haɗa ƙananan asibitocin karkara da asibitin gunduma ta rediyo mai aiki da hasken rana, tare da motar ɗaukar marasa lafiya, don mai naƙuda da ta gagara ta daina dogaro da amalanke. A Magarya, tun da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki lokacin matsalar abinci ta 2005, yara sun saba ganin fararen motoci masu doguwar eriya. Duk waɗannan da takardunsu suke aiki, da zangon da hukuma ta ware musu. Manomi dai kallo ne nasa.

A wasu ƙasashe tarihin ya bi wata hanya dabam. A Ostareliya, inda gonar kiwo ɗaya kan fi gunduma girma, wani injiniya mai suna Alfred Traeger ya ƙera rediyon da ake ba wa wuta ta hanyar tuƙa feda da ƙafa, aka kafa na farko a wata gona a jihar Queensland a 1929, don iyalan daji su iya kiran likita mai zuwa a jirgin sama. Na hannu ya samo asali daga aikin Donald Hings a Kanada a 1937 da kayan da kamfanin Motorola ya ƙera wa sojan Amurka a yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi sai gwamnatoci suka fara yanka wa jama'a wani ɗan yanki na iska. Amurka ta buɗe zangon MHz 27 ga kowa a 1958, da farko da lasisi, ta soke lasisin a 1983, sannan a 1996 ta ƙara wani zango na iyali da ba ya buƙatar takarda. Turai ta yi nata a 1998 a kan MHz 446, da sharaɗin ƙarfin na'ura kada ya wuce rabin wat kuma eriyarta ba ta cirewa. Ostareliya ta ba manomanta MHz 477 da ƙarfin wat 5. Dabarar duk ɗaya ce: maimakon kowane mutum ya nemi izini, sai a ba irin na'urar izini gaba ɗaya, muddin an ƙera ta yadda ba za ta iya fita daga inda aka ajiye ta ba.

Dalilin da ya sa manomin can ya matsa aka yi masa haka a fili yake, gonarsa ta fi ƙarfin kira da baki. A nan kuwa ƙasa ta cika. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a Magarya, sama da 350,000 a Dungas. Yanki ne daga cikin mafi cunkoso a karkarar Nijar. Gandu ya rarrabu ta hanyar gado har ya zama hekta ƙalilan, wani lokaci a wurare biyu ko uku. Mai gona irin wannan, in ya ɗaga murya maƙwabcinsa zai ji. Shi ya sa ba a taɓa samun manoman da suka taru suka nemi a yanka musu zangonsu ba, ita ma hukuma ba ta ga abin da zai sa ta yi tunaninsu ba lokacin da take rubuta dokokinta.

Sai salula ta zo ta tsallake zancen gaba ɗaya. A 1997 aka raba ma'aikatar gidan waya da sadarwa, aka kafa SONITEL. A ranar 26 ga Oktoba 1999 aka fitar da dokoki biyu, ɗaya ta buɗe kasuwar sadarwa, ɗaya ta kafa hukumar sa ido, ARM. Celtel ya fara aiki a 2001, shekarar da salula ta shiga Najeriya ita ma. Ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel, wanda ya zama Moov, ya biyo, Orange ya shigo a 2008, daga baya Zamani ya gaje shi. Cikin 'yan shekaru abin da kumandan da sufurefe suka riƙe su kaɗai kusan ƙarni guda ya shiga aljihun dillalin awaki. Jenny Aker, wadda ta yi koyarwa a jami'ar Tufts ta Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ji nawa ake sayar da tiya, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. A bakin iyaka ma har an fi morewa, domin rezo bai san alamun Tilho ba, mutane da yawa na riƙe layin Nijar da na Najeriya a waya ɗaya, su kira da wanda ya fi kamawa ko ya fi araha.

A wannan lokacin duk wanda ya ce oba-oba na da sauran aiki a gona, dariya za a yi masa. Abu uku ne suka dawo da zancensa.

Na farko araha. Wajen 2012 kamfanin Baofeng na ƙasar Sin ya fito da wata ƙaramar na'ura, UV-5R, mai sauƙin kuɗi, ire-irenta kuma suka cika kasuwannin kayan lantarki har zuwa Kano. Na biyu, mutane sun gane cewa rezo abu ne da ake iya kashewa. A watan Satumba 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Rufewar ba ta shafi ɓangaren Daura ba, amma duk mai 'yan'uwa a can ya ji yadda rayuwa take in waya ta mutu wata da watanni. Na uku wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ciki har da layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, ba a maido ta ba sai Maris 2024. Eriyar salula ba ta aiki sai da wuta, in ta layi ta ɗauke sai janareto da gazuwal ko hasken rana. Oba-oba biyu kuwa ba su buƙatar kowa a tsakaninsu.

Sai dai abin da ya dawo da na'urar shi ne kuma ya ɓata mata suna. Tun da aka riƙa samun oba-oba a hannun 'yan bindiga, duk wanda aka gani da ita a daji kusa da iyaka, ba kaki ba takarda, tambayar farko da za a yi masa ba ta noma ba ce. Wannan shi ne abin da nake so duk mai niyyar saye ya fara sa wa a ransa, kafin zancen tara ko ƙwace kaya. Layin salula yana da suna a kansa, tun da Nijar ta tilasta rajista har ta rufe layukan da ba a yi wa ba a 2013. Oba-oba ba ta da layi, takardar izini ita ce kaɗai shaidar mai ita.

Hukumar da ke ba da wannan takarda ta sauya suna sau biyu. ARM ta ba ARTP wuri a ƙarshen 2012, sannan a ranar 12 ga Yuli 2018 aka kafa ARCEP, tare da sabuwar dokar sadarwa mai lamba 2018-45. Tsarin hawa-hawa ne. Kamfanonin da ke sayar wa jama'a kira suna da babban lasisi. Wanda ke son haɗa mutanensa kawai, kamfani ne ko ƙungiya ko gona, izini yake nema na hanyar sadarwa mai zaman kanta, a ware masa zango, ya riƙa biyan kuɗinsa duk shekara. A ƙasa akwai ƙananan na'urori marasa ƙarfi masu gajeriyar tafiya da doka ta bar wa kowa, amma hukuma ce ke fayyace waɗanda suka shiga wannan rukuni, ba mai shago ba. Ban da haka, ita kanta na'urar sai an amince da irinta kafin a shigo da ita kasuwa. Don haka rubutun da ke jikin kwali cewa ba a buƙatar lasisi, maganar ƙasar da aka ƙera wa kayan yake yi. Na'urar iyali ta Amurka tana magana a MHz 462 da 467, ta Turai a 446, kuma 'yancin da kowace ke da shi a gidansu ba ya biyo ta cikin kwali. Lasisin masu sha'awar rediyo, waɗanda alamar kiransu a Nijar ke farawa da 5U, shi ma ba mafita ba ne, don an hana amfani da shi wajen sana'a.

Matsalar na'urori irin UV-5R ita ce ba su da linzami. Suna iya watsawa ko'ina daga MHz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama, da ƙarfin wat 4 ko 5. A cikin wannan fili akwai wuraren jami'an tsaro da na motocin asibiti, akwai MHz 406 da aka keɓe a duniya duka don kiran ceto ta tauraron ɗan'adam. Tashoshin da ke zuwa a cikinsu daga masana'anta na gwaji ne, ba wanda ya ba mai saye su. Hukumar sadarwa ta Amurka ma sai da ta fitar da gargaɗi kan irin waɗannan na'urori a 2018. Mutum zai iya shekara yana kiran ɗansa a kan zangon wata hukuma bai sani ba, sai ranar da aka zo nemansa.

To wa ke da buƙatarta a ƙasar nan? Mai hekta biyu a bayan gari ba ya cikinsu, kuɗin ya sa a taki ya fi masa. Masu buƙata su ne waɗanda aikinsu ya haɗa mutane da yawa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Akwai ƙungiyar masu lambu a fadamun Korama, wajen Waca da Bande inda ake noman rake da kayan miya, mai kula da injin ban-ruwa na wannan gefe, masu karɓar ruwa na wancan. Akwai masu gadin amfanin gona da rumbun ƙungiya da dare lokacin kaka, da 'yan sa-kai na ƙauye masu feshin ƙwari, da babban manomi mai tarakta da 'yan ƙwadago, da makiyayan da ɗaya ke gaba yana duba ruwa da hanya, sauran na biye da garke. Ga irin waɗannan oba-oba ta fi salula ta fuska uku: dannawa ɗaya kowa ya ji, ba a sa mata kuɗin kira, kuma kwarin da rezo ba ya sauka ba ya hana ta aiki.

Wajen zaɓe, ƙaryar da aka fi yi wa mai saye ita ce ta nisa. Za a ga an rubuta kilomita 10 ko 30 a kwali. Muryar waɗannan na'urori a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Mutum biyu a tsaye a fili fetal, ba tudu ba itace, iyakarsu wajen kilomita 9 zuwa 10, kuma ƙasarmu ba fili fetal ba ce. Mai rabin wat, a cikin gonaki da tuddan yashi, kilomita 1 zuwa 3 za a sa rai. Ƙarin ƙarfi bai cika magance wannan ba: sai an ninka shi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, wannan ma a sarari marar shinge, batir kuwa ya riƙa ƙarewa da wuri. Tsawo shi ne magani. Eriyar da aka ɗora a kan abu mai tsawon mita 20, kamar shaton ruwa, tana hango wajen kilomita 18 ita kaɗai, in kuma aka haɗa ta da na'ura mai karɓar murya ta sake watsawa, ƙauyuka da dama za su shiga ciki. Amma da zarar an kai nan an fita daga sahun ƙananan na'urori, sai da izini da zangon da aka ware.

Itatuwa ma suna da nasu hukunci. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka koma barin gawo yana tsirowa a gonakinsu, har yankin ya yi suna a duniya saboda haka. Ganye na shan muryar rediyo, ya fi shan ta UHF, wato zangon 400 da ɗoriya, a kan ta VHF mai 136 zuwa 174. Shi ya sa a daji VHF ta fi kai wa nesa, UHF kuma ta fi ratsa gine-gine da lungunan gari. Gawo da rani yake da ganye, da damina ya kaɗe, amma a lokacin gero ya tashi ya wuce kan mutum. Ke nan ba lokacin da fili yake wayam. Wanda zai gwada na'ura kafin ƙungiya ta zuba kuɗi, ya gwada ta a watan Agusta a cikin hatsi, daga bakin rijiya zuwa gona mafi nisa, ba a ƙofar shago ba.

Sauran abin dubawa na yau da kullum ne, kuma su ke kashe na'ura. Ƙurar hunturu na shiga lasifika, ruwan damina na shiga wurin caji. Alamar IP54 a jiki na nufin tana jure ƙura da yayyafi, IP67 na nufin ko ta faɗa ruwa na ɗan lokaci za ta tashi. Zafin Afrilu na cin batir, don haka a tambaya ko ana samun wani a Damagaram ko Kano in na farko ya mutu, a kuma nemi wadda ke caji da igiyar salula ko farantin sola, tun da a yawancin ƙauyuka caji a shago ake biya. Mai maɓallai da yawa ba ta dace da aikin gona ba. Gara wadda masani ya saita mata tasha biyu ko uku ya kulle, kowa ya iya riƙewa, tsoho da yaro. Abin da masu sayarwa ke kira lambar sirri kuma ba ya ɓoye komai, yana hana ka jin wasu ne kawai, su kuwa suna jinka sarai. Kada a faɗi inda aka ajiye kuɗin ƙungiya ko ranar da za a kai shanu kasuwa. Akwai kuma sababbi masu kama da oba-oba da ake sa wa layin salula. Suna kai wa ko'ina, amma ranar da rezo ya ɗauke tare suke mutuwa.

Ni ina goyon bayan a nemi izini, ba don tsoron jandarma kawai ba. Iska tamkar burtali ce: ta kowa ce, amma in ba a shata ta ba, mai ƙarfi ne zai cinye ta ya bar sauran da rigima. Mutanen da suka ga amfanin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar ba sa buƙatar dogon bayani a kan haka. Akwai ma wani dalilin da ya fi damuna. Lokacin kaka, kafin gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki, ɓarnar dabba ɗaya kan tayar da ƙauye. Na'urar da ke kiran mutum ashirin su kashe gobara cikin minti biyu, ita ce kuma za ta iya tara mutum ashirin da sanduna kafin mai gari ya ji labari. In tana hannun ƙungiya mai rajista, da sunan wanda ke riƙe da kowace, da ɗaya a wurin mai gari ɗaya a wurin arɗo, za ta zama hanyar kiran sulhu. In ta watsu a ɓoye, ba mai iya cewa me za a yi da ita.

Amma hukuma ma akwai nata. Hedikwatar ARCEP na Yamai, kusan kilomita 1,000 daga Magarya, kuma takardar neman izini irin ta kamfanoni ce: wurin da za a kafa tasha, yawan na'urori da irinsu, ƙarfinsu, tsawon eriya, faɗin yankin da za a rufe, duk da Faransanci. Kamfanin haƙar ma'adinai na da injiniyan da zai cike wannan, ƙungiyar masu rake ba ta da shi. Abin da ya kamata shi ne a bayyana da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a gidajen rediyon al'umma, wace na'ura ce aka bar wa kowa, wace ce ke son takarda, da nawa ake biya. A ba 'yan kasuwa jerin waɗanda aka amince da su, don laifin ya daina faɗawa kan mai saye shi kaɗai. A kuma buɗe hanyar da ƙungiyar manoma ko ta makiyaya za ta nemi izini ɗaya na membobinta duka ta hannun ofishin furefe ko zauren manoma na jiha, kan kuɗin da ƙungiyar ƙauye za ta iya ɗauka.

Saura zancen iyaka, wanda ba ya cikin lissafin manomin Turai ko na Ostareliya. Izinin ARCEP a kan iyaka yake tsayawa, muryar kuwa wucewa take. Eriya mai tsawo a kudancin Dungas ko Magarya za a ji ta a ƙasar Jigawa, inda hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ke da iko, kuma zangon da yake fili a nan mai yiwuwa na wani ne a can. Daidaita wannan aikin gwamnatocin biyu ne, suna kuma da inda za su yi shi, hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971 mai ofis a Yamai. Kafin su kai ga haka, ƙungiyar da gonakinta ke bakin iyaka ta faɗi hakan a takardar neman izininta, ta rage ƙarfin na'urorinta zuwa iyakar abin da aikin ke buƙata, kuma duk wanda zai ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya bar tasa a gida.